Gurbin Gwiwar Hannu

Duk Lahadin da ake tseren motoci a Turai, kafin in shanye kokona a gidan abincin nan na Harlem, sai in ga kun kifa kawunanku a kan waya ɗaya kamar kaji sun sami tsaba. Makon jiya Nasiru, ɗan ƙanwata, ya ɗago kai ya ce da ni, "Kawu, ai aikinku ya zama history. Yanzu scanning kawai za a yi wa mota, a danna button, bodi ya fito sabo fil. Mene ne abin wahala a bubbuga kwano?" Kuka kwashe da dariya, ni ma na taya ku. To yau tunda an ce ruwan sama ya tsayar da tseren, ku kifa wayar nan in ba ku labarin bubbuga kwano.

Ni fanel bita ne. A Ƙofar Ruwa na koya, a Kano, wajen wani Malam Ɗanladi wanda har ya koma ga Allah ban ji ya yabi aikin kowa ba. Shekara guda cur bai bar ni na riƙe guduma ba. Sai ya ɗaure mini ido da ƙyalle, ya ɗora tafina a jikin ƙofar tasi, ya ce in nuna masa inda ta lotsa. Yakan ce, "Ido maƙaryaci ne, fenti kaɗan ke ruɗinsa. Tafin hannu ne ba ya karɓar toshiya." Dokarsa ɗaya ce, kuma da ranƙwashi ya dasa mini ita a ka: duk motar da ta bar rumfarka da tabo, kai ne tabon.

A jikin rumfar tasa akwai wani hoto da ya yago daga tsohuwar kalanda. Mota ce siririya kamar kwalekwale, tayoyinta huɗu duk a waje, babu rufi, babu ƙofa, mutum ɗaya tal a ciki. Hayaƙi ya baƙanta masa fuska, sai zagayen idanunsa fari inda tabarau ya zauna, yana dariya. Ba mu san sunansa ba, ba mu san ƙasar ba. Malam yakan nuna hancin motar da magagari ya ce, "Wannan da hannu aka buga ta." In rana ta take aiki ya lafa, nakan zauna ƙarƙashin hoton nan ina ji kamar iskar gudunta tana taɓa ni.

Da na zo New York ban sami guduma a hannu ba. Belt da agogo na sayar a bakin titin Canal Street, ina kallon motocin mutane suna wucewa da tabo, tafina yana ƙaiƙayi. Wata rana wani farin tsoho ya ja da baya da motar kaya, ya daki turken ƙarfe dab da teburina. Ya fito yana zage-zage da hannuwa biyu. Na ce ya ba ni minti goma. Na ciro katako daga ƙafar teburin, na zura ta ciki, na dinga lallaɓa wurin da tafina har ya koma. Ya shafa, ya sake shafawa, bai kalli wurin ba, ni yake kallo. Sunansa Mista Aldo, iyayensa 'yan Italiya ne, yana da gareji a Staten Island, can gaba da St. George. Ya ce in zo ranar Litinin.

Na shiga jirgin ƙasa daga Harlem har ƙarshen Manhattan, na hau jirgin fito, hazo ya rufe ruwa har ba ka ganin inda za ka. Da ya turo ƙofar garejin sai na tsaya cak. Ga 'yan'uwan motar kalanda nan har uku a jere, ɗaya ja, ɗaya koriya, ɗaya ba fenti sai farin alminiyom. Masu hali ne ke kawo su a farfaɗo da su. Na tsaya ina kallo har ya tambaye ni ko ba ni da lafiya. Tun daga ranar nake tsallake ruwan nan safe da yamma, kuma har yau in jirgin ya tashi cikin hazo nakan ji kamar rumfar Malam zan sauka.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai kututture da aka fafe kansa kamar turmi, a ciki ake buga kwano ya yi ciki. Akwai jakar fata cike da yashi, da gudumomin katako, da wata na'ura mai tayoyin ƙarfe biyu da ake kai kwano ana dawo da shi a tsakaninsu har sawun guduma ya ɓace. Sai sabulu. Kada ku yi dariya, sabulun wanka nake nufi. Shi alminiyom in ka cika dukansa taurin kai yake yi, in ka matsa ya tsage. Sai ka goga masa sabulu, ka bi shi da wutar gas a hankali. Da zarar sabulun ya yi baƙi ka janye, ya yi laushi ke nan. In ka ƙara ko da numfashi biyu ne, sai ka ga rami a inda kwanonka yake. Ba ya ja kamar baƙin ƙarfe balle ya gargaɗe ka.

In aiki ya yi sauƙi, Mista Aldo yakan saka tsofaffin kaset na tseren da, mu zauna a kan tayoyi, shi da kofinsa ni da shayina. Hoton fari da baƙi ne, yana rawa. Za ka ga hanya ta ratsa cikin daji, ta bi ta gefen coci da gidajen mutane, babu katanga sai dammunan ciyawa. Za ka ga direba har kafaɗa, hannuwansa suna kokawa da sitiyari, ya saki ɗaya ya cafki sandar giya ya mayar. In motar ta zame, a fuskarsa za ka fara gani. Kowane inji da muryarsa, Mista Aldo yakan rufe ido ya faɗa maka wace ce ke tahowa tun ba ta ɓullo ba. Na yanzu kuwa, ku yi haƙuri, ni duk muryarsu ɗaya nake ji, direban ma an binne shi sai ƙoƙon hula, wani yana can yana raɗa masa a kunne yadda zai taka birki. Jikinsu kuma ba na guduma ba ne, in ya bugu tarwatsewa yake kamar tangaran. Amma ba zan yi muku ƙarya ba. Wani lokacin Mista Aldo yakan tsayar da kaset a kan samarin nan sun jeru suna dariya, ya bi su da yatsa yana cewa wannan bai tsufa ba, wannan ma bai tsufa ba, duk a fagen tsere suka mutu. Na yanzu suna komawa gida wajen iyalinsu, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai zuciya ba ta jin wa'azi, can take komawa.

Shekarar da ta fi kowace muni ita ce wadda teku ta hau tudu. Guguwa ta turo ruwa cikin unguwanni, ya shiga garejinmu har ƙirji. Da muka dawo mun tarar da kututturen nan da mutum uku ba sa ɗagawa ya yi iyo ya je ya kwanta a bakin ƙofa. Kaset ɗin duk sun tafi. Gidan Mista Aldo kansa ya lalace, ya bar mini makulli ya koma fama da nasa. Wata biyu ina kankare laka da gishiri ni kaɗai.

Cikin wannan hali wata mata mai suna Nora ta kawo mota a bayan tirela. Koriya ce, mai mazaunin mutum ɗaya, ta mahaifinta Mista Walta. Shi ba zakara ba ne, ba za ku sami sunansa a wayarku ba. Ya yi 'yan shekaru yana tsere a Turai a can sahun baya, da ya daina ya sayi motar ya taho da ita, ta zauna a garejin gidansa a bakin ruwa. Ruwan ya yi ta wasa da ita, ya haɗa ta da firji da akwatunan kayan aiki, duk jikinta ya lotse. Nora ta ce an kai mahaifin nata gidan kula da tsofaffi, tunaninsa ya fara gudu, wani lokacin ita ma ba ya gane ta. Abu ɗaya yake tambaya kullum, ina motarsa. Ta ce, "Ba sai ta tashi ba. So nake kawai ya gan ta ya san tana nan, ko hankalinsa ya kwanta."

Na cire jikin motar ɓangare-ɓangare, na wanke gishirin, na bi tabo ɗaya bayan ɗaya. Duk sun ba da kai sai guda. A gefen dama, daidai inda direba ke zama, akwai wani kumburi da ya turo waje, girman rabin ƙwarya ƙarama, mummuna, gefensa duk ƙullutai. Na ce lallai wani abu mai nauyi ne ruwa ya jefa cikin motar ya daki bangon daga ciki. Mayar da kumburi ya fi fitar da lotsawa wuya nesa ba kusa ba, domin kwanon ya riga ya miƙe, sai ka tattaro shi ka cusa shi cikin kansa. Kwana tara na yi a kai. Sabulu, wuta, gudumar katako, a huta, a sake. Da na gama na rufe ido na shafa, daman ta zama daidai da hagun kamar tare aka haife su. Na ce a raina, da Malam Ɗanladi yana raye yau dole ya ce wani abu. Ban taɓa yin aikin da ya kai wannan kyau ba.

Nora ta kawo shi da hantsi. Dogo ne ƙwarai, ya ranƙwafa, yana dogara sanda. Da ya hango motar sai ya miƙe, har na ga ya ƙara tsawo. Ya zagaya ta hanci, ya bi gefen hagu, ya zo dama. Bai ko sunkuya ba, ya miƙa hannu ya shafa gefen mazaunin, irin shafar da mutum ke yi wa abin da ya saba taɓawa. Hannun ya wuce sumul. Ya dawo da shi, ya sake wucewa sumul.

Ya ce, "Wannan ba motata ba ce."

Nora ta ce, "Baba, ita ce mana. Ga lambarka a hanci."

"Lamba kowa na iya rubutawa. Kin sayar da ita, kin kawo ni in ga ta wani." Ya juya mata baya. "Mayar da ni."

Bayan kwana uku ta dawo da wani tsohon hoto, idanunta sun kumbura. Ta ce ya daina yi mata magana, abinci ma sai an yi da gaske. Na karɓi hoton. Ga shi nan yana saurayi cikin motar, ruwan sama yana zuba, ga kumburin nan a gefen dama, ɓaro-ɓaro, da ƙullutansa. Ashe ba ruwa ba ne. Ya fi shekara arba'in a wurin kafin in zo da gwanintata. Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona. Gyaran gangar Auzinawa na yi, kuma tsohon da ba shi da sauran abin riƙewa a duniya na raba da 'yarsa.

Mista Aldo ya zo ya duba, ya ce a buga sabon ɓangare a yi masa kumburi, domin wannan kwanon an miƙar da shi sau ɗaya, na tattare shi sau ɗaya, gishiri kuma ya ci rabonsa. In aka sake dukansa zai iya tsagewa, a yi biyu babu. Na ce mutumin da ya gane babu kumburi ba tare da ya duba ba, zai gane sabon kwano. Sannan na juya ɓangaren na nuna masa cikinsa, inda ban goge ba. Akwai wani wuri kamar faɗin tafi da ya yi santsi yana sheƙi, irin sheƙin da bakin turmi ke yi saboda yawan taɓawa. Sawun gwiwar hannunsa ne. Wannan babu gudumar da za ta buga shi.

Saura yadda za a dawo da tsohon, tunda ya rantse ba zai sake kallon motar wani ba. Na ce da Nora kada ta ce masa motarsa ce. Ta ce masa wani makaniki ne ya rasa yadda zai yi, yana neman shawarar wanda ya san aiki. Ba ƙarya a ciki.

Ya zo yana ɗaure fuska. Na gaishe shi, na ce, "Ranka ya daɗe, mai motar nan dogo ne kamarka. Ya ce duk sanda ya jawo giya baya, gwiwar hannunsa tana dukan bango. Yaya ake yi?"

Ya dube ni sheƙeƙe, sai kuma ya yi wata 'yar dariya. "Haka tawa ta yi mini. An ƙera ta ne don wani gajere, aka ba ni ita aro. Ranar gwaji hannuna ya kumbura har ba ya lanƙwasuwa. Da safen tsere ana ruwa, daji duk ya jiƙe, kana jin ƙanshin itatuwa da na mai a haɗe. Na ce da makanikina ba zan iya ba. Sai ya ɗauki guduma mai dunƙulallen kai, ya zura hannu ciki, ya ba ta guda biyar yana zagina." Ya ɗaga yatsu biyar. "Ranar na gama tsere har ƙarshe. Ban ci komai ba, amma na gama. Na ga tutar ƙarshen tsere da idona."

Na ce to bari in ɗauko gudumar katako da jakar yashi, in fitar masa da shi a hankali, ya yi kyau.

Ya buga sandarsa a ƙasa. "Wa ya ce maka kyau ake nema? Saura minti goma a tashi! Buga!"

Na mayar da ɓangaren jikin motar na ɗaure. Na goga sabulu, na kunna wuta, ina bi ina bismilla, har ya yi baƙi na janye. Na bar shi ya huce. Sannan na ajiye gudumomina masu kyau, na ɗauko wata mai dunƙulallen kai da muke fasa tsatsa da ita. Shekara talatin da wani abu ina koyon yadda guduma za ta taɓa kwano ba ta bar sawu ba, yau ga ni zan rusa aikin da na fi alfahari da shi da hannuna, kuma in kwanon ya tsage shi ke nan. Tsoro nake ji, ba na ɓoye muku. Na zura hannu ciki, na saita a kan sheƙin nan.

Na farko ya yi ƙara kamar an jefar da tukunya. Na biyu, na uku. A na huɗu na ji muryar kwanon ta canja, ta zama siririya, irin wadda yake yi in ya kusa sallamawa. Na tsaya. Mista Aldo yana girgiza mini kai.

Tsohon ya ce, "Biyar na ce."

Na buga na biyar. Na rufe ido na shafa ta waje. Bai tsage ba. Mummuna ne, fentin ya fashe, gefen duk ƙullutai. Da Malam Ɗanladi ya gani da sai ya kore ni daga Ƙofar Ruwa.

Mista Walta ya matso ya ɗora hannu. Ya daɗe a haka. Sannan ya miƙa wa Nora sandarsa ba tare da ya waiwaya ba, ya ce, "Riƙe mini, Nora." Ta ce da ni daga baya rabon da ya kira sunanta tun kafin ruwan.

Ni da Mista Aldo muka ɗaga shi muka zura ƙafafunsa, ya zame ya kwanta cikin mazaunin. Ya rame ƙwarai, hannun rigarsa yana lilo, ko kusa gwiwar hannunsa ba ta bukatar wurin yanzu. Ya kama sitiyari, ya saki hannun dama ya cafki sandar giya, ya ja baya. Sai na ga gwiwar hannun nan ta buɗe da kanta ta tafi neman gurbinta, ta shiga ta zauna daidai kan sheƙin.

Ya dubi gaba. Ƙofar garejin a buɗe take, ana hango ruwa, jirgin fito yana tafiya can cikin hazo. Injin motar yana kan benci a wargaje, gishiri ya gama da shi, shi ma ya gani da ya shigo. Amma motocin zamaninsa da turi ake tayar da su. Ya ɗaga hannu ɗaya sama ya ce, "To, me kuke jira? Ku tura."

Muka dubi juna. Nora ta jingine sandar a bango, ta cire takalmanta masu tsini, ta kama bayan motar. Mista Aldo ya kama dama na kama hagu. Muka tura ta ta fita daga garejin, ta gangara filin da ke gaba, babu ƙarar komai sai ta tayoyi a kan tsakuwa. Shi kuwa yana canja giya, ɗaya, biyu, uku, kowane ja gwiwar hannun tana faɗawa gurbinta. Mu uku tsofai-tsofai muna haki a baya, Nora tana kuka tana dariya, tsohon yana ce mata ta ƙara ƙarfi ana wuce shi.

Bai ga wata bazarar ba bayan wannan. Motar tana wajen Nora, kuma ta hana a taɓa fentin wurin.

To Nasiru, ga ruwan can ya ɗauke, na ga sun fara jeruwa, ɗauki wayarka. Amma ranar Asabar ka hau jirgin fito ka same ni. Akwai wata ja da aka kawo shekaranjiya, da wata 'yar lotsawa a ƙarƙashin sitiyari, daidai inda gwiwar ƙafar hagu take zama. Kwana biyu ke nan ina zagaya ta, ban ɗauki guduma ba. Zan ɗaure maka ido da ƙyalle in ɗora tafinka a kai, ka faɗa mini ko ta gyara ce ko ta bari.